Sikeli mai sanda: Yadda ake zaɓensa, gwada shi da kula da shi a kasuwannin Gadarif

Daga watan Oktoba, lokacin da ake fara yankan riɗi a gonakin jihar Gadarif da ke gabashin Sudan, har zuwa farkon sabuwar shekara da ake gama shigo da dawa, ma'auni ne ke raba gardama tsakanin manomi da ɗan kasuwa. Cinikin farashi a bainar jama'a ake yin sa, kowa na ji. Nauyin kaya kuwa duk abin da sikeli ya faɗa shi ake rubutawa, kuma mutane kaɗan ne suka san yadda za su gane ko ya faɗi gaskiya.

Birnin Gadarif yana da tazarar kimanin kilomita 410 daga Khartum, kusa da iyakar Habasha. A yankin ne aka fara noman damina da injuna a Sudan a tsakiyar shekarun 1940, kuma kasuwar amfanin gona ta birnin na cikin mafi girma a ƙasar wajen riɗi da dawa. Hausawa da dama na zaune a jihar. Wasunsu jikokin alhazan da suka bi hanyar ƙasa zuwa Makka ne suka yada zango, wasu kuma zuriyar waɗanda suka yi hijira zuwa gabas ne bayan yaƙin Burmi na 1903. A cikinsu akwai ƙananan manoma da ƴan ƙwadago da dillalai da masu shaguna, waɗanda abincinsu ya rataya a kan awo.

Tun bayan ɓarkewar yaƙi a Sudan ranar 15 ga Afrilun 2023, da kwararar ƴan gudun hijira zuwa Gadarif, tsadar abinci ta sa kowane kilo ya ƙara daraja. Sikeli mai sanda, wanda ba ya buƙatar batir ko wutar lantarki, har yanzu shi ne abin dogaro a rumbuna da ƙauyuka da dama.

Kintar, ratal da ardab

Kafin a yi maganar sikeli, sai an san da wane ma'auni ake ciniki, domin rigima da yawa daga nan take tasowa.

A Sudan ana sayar da riɗi da ƙaro da kintar. Kintar ɗaya ratal 100 ne, ratal ɗaya kuma giram 449 ne da ɗoriya, wato kintar ya kama kilo 44.9. A bakin ƴan kasuwa akan ce kilo 45. Auduga mai gurya tana da nata babban kintar mai ratal 315, kimanin kilo 141.5.

Dawa kuwa da ardab ake cinikinta, kuma ardab a asalinsa mudu ne, yana auna cika ne ba nauyi ba. Ardab ɗaya kela 12 ne, kela ɗaya malwa 4. A kasuwa akan ɗauki ardab a matsayin buhu biyu, buhun dawa kuma kimanin kilo 90. Tunda cika ake aunawa, nauyin kela yakan bambanta gwargwadon irin dawar da bushewarta, kamar yadda tiya ke bambanta a Maraɗi ko mudu a Dawanau ta Kano.

Akwai tarko ɗaya ga mai ciniki a kan iyaka. Da an tsallaka daga Gallabat zuwa Metema, kalmar kuntal a Habasha tana nufin kilo 100, daidai da abin da ake kira quintal a ƙasashe masu amfani da Faransanci. Sunan iri ɗaya ne da kintar ɗin Sudan, amma nauyin ya ninka shi fiye da sau biyu. Haka nan laba ta Ingilishi giram 453.6 ce, ta ɗara ratal kaɗan: laba 100 ta fi kintar da kusan giram 430. Saboda haka duk yarjejeniyar da za a rubuta, musamman ta bashin da ake biya da hatsi irin salam na banki ko shel na ƴan kasuwar ƙauye, ya kamata a ambaci kilo a cikinta da lambobi.

Yadda sikeli mai sanda ke aiki

Sanda ce da aka ɗora a kan madogara, kaya a ɓangare ɗaya, dutsen awo a ɗaya ɓangaren. Sanda takan daidaita idan nauyin kaya sau nisansa daga madogara ya yi daidai da nauyin dutse sau nasa nisan. Duk wani sikeli mai sanda, ƙarami ko babba, a kan wannan lissafi yake tafiya.

Madogarar da wuraren rataye faranti ba ƙusa ba ce mai zagaye. Wani ƙarfe ne mai tauri da aka wasa kamar bakin wuƙa, yana zaune a kan mazauni mai santsi na ƙarfe, ko na dutsen aƙiƙ a ƙananan sikeli masu daraja. Siririn layin da bakin wuƙar ya taɓa mazauninsa shi ke tsai da tsawon kowane hannu na sandar. Idan ya dakushe ko ya ɓalle, tsawon hannun ya canza, awo kuma ya ɓaci.

Misali zai nuna girman abin. A ce hannun da ake rataye kaya santimita 50 ne, na duwatsu kuma 50.5. Rabin santimita ne kawai, ido ba zai gani ba. Amma kafin sanda ta daidaita sai an zuba kaya da ya fi dutse da kashi 1 cikin 100. A kowane kintar manomi ya yi asarar ratal guda. Wanda ya kawo kintar 200 ya bar kintar 2 a kyauta. Idan hannun kaya ne ya fi tsawo, mai saye ne ke cutuwa da kusan wannan adadin.

Sikeli mai sanda yana da wata fa'ida a kan mai sifirin da mai lantarki. Waɗannan biyun suna auna ƙarfin jan ƙasa ne, kuma wannan ƙarfi yana bambanta daga wuri zuwa wuri, har kusan rabin kashi 1 cikin 100 tsakanin tsakiyar duniya da ƙarshenta. Mai sanda kuwa nauyi yake gwadawa da nauyi, don haka abin da ya nuna a bakin teku a Port Sudan shi zai nuna a kan tsaunukan Gondar.

Ire-iren da ake samu

Na farko shi ne mizani mai hannu biyu daidai, da faranti biyu a rataye. Shi ne mafi tsufa, kuma mafi sauƙin gwadawa. Masana na da sun kai shi matuƙa: a 1121 Al-Khazini ya rubuta littafinsa Mizanul Hikma a birnin Marwa, inda ya bayyana mizanin da ke iya bambance zinariya tsantsa da wadda aka gauraya.

Na biyu shi ne sikelin kan tebur mai faranti a sama, irin na masu nama da sukari. Bafaranshe Gilles de Roberval ne ya gabatar da tsarinsa a 1669, daga baya Joseph Béranger na birnin Lyon ya inganta shi a ƙarni na 19. Yana da saurin aiki, amma gaɓoɓinsa sun fi yawa, wuraren lalacewa ma haka.

Na uku shi ne kabban, wanda Faransawa ke kira balance romaine. Hannunsa ɗaya gajere ne mai ƙugiya, ɗayan dogo mai zane-zanen lamba, da dutse ɗaya mai zamiya wanda Larabawa ke kira rummana. Yana da sauƙin ɗauka zuwa gona, sai dai gaskiyarsa duka tana cikin wannan dutse guda.

Na huɗu shi ne babban sikeli mai dandamali, bascule a Faransanci, wanda ake ɗora buhuna a kai. A ƙarƙashin dandamalin akwai sanduna da ke rage nauyi kafin ya isa sandar karatu, galibi sau 10 ko sau 100. Ba'amurke Thaddeus Fairbanks na cikin waɗanda suka yaɗa shi tun daga 1830.

Na biyar su ne ƙananan sikeli na zinariya da magani da ɗakin gwaje-gwaje. Sanannen misali shi ne mai sanda uku na kamfanin Ohaus, wanda ke ɗaukar giram 610 kuma yake nuna bambancin kashi ɗaya cikin goma na giram. Akwai waɗanda suka fi shi laushi, masu jin miligiram kaɗan. Da yawansu na da maganaɗisu a ƙarshen sanda da ke rage lilo don allura ta tsaya da wuri.

Abin da za a duba kafin a saya

Abu na farko shi ne aikin da za a yi da shi. Kowane sikelin kirki yana da lambobi uku a jikinsa: iyakar nauyin da yake ɗauka, mafi ƙarancin da ya halatta a auna da shi, da girman rabe-rabensa. Sikelin buhuna mai rabon giram 100 bai dace da auna abin da bai kai kilo 2 ba. Wanda aikinsa buhun kilo 90 ne, ya nemi mai ɗaukar kilo 200 zuwa 300, don kada kullum a riƙa kai shi maƙura.

Ƙungiyar kula da awon kasuwanci ta duniya, OIML, wadda aka kafa a 1955 mai hedikwata a Paris, ta kasa sikeli aji huɗu. Aji na III shi ne na cinikin yau da kullum, na II kuma na zinariya da magunguna. Ana rubuta ajin a cikin ɗan da'ira a kan farantin bayanai. A ƙa'idarta, sabon sikeli aji na III mai rabon giram 100 bai kamata kuskurensa ya wuce giram 50 a kan kintar ba, ko giram 100 a kan buhun kilo 90. Wanda ke kan aiki an yarda masa ninki biyu na haka. Duk abin da ya zarce wannan, gyara yake buƙata.

Sai a ɗaga sandar a duba bakin wuƙaƙen da kyau, da madubin ƙara girma idan akwai. Ana so su kasance miƙaƙƙu, babu ɓalli, babu tsatsa, babu wurin da ya yi ƙyalli saboda gogewa. Mazauninsu kada ya kasance da rami ko tsagewa. Sanda mai alamar walda ko wadda aka taɓa miƙarwa da guduma, a bar ta ko da kyauta ce.

Lambobin da aka sassaƙa a jikin ƙarfe sun fi na fenti ko na takardar manne, domin rana da gumi ba sa goge su. Dutse mai zamiya ya zauna daram a cikin kowane gurbi ba tare da girgiɗi ba. A kabban da sikelin dandamali, a tabbatar duwatsun nasa ne na asali. Dutsen da aka aro daga wani sikeli, ko da ya yi kama, ba lallai ya dace da lissafin wannan sandar ba.

Tsohon sikeli na ƙarfen zubi da aka kula da shi yakan fi sabo mai arha da aka yi da gwangwani. Araha ba ta ado, kuma a nan asararta kullum ake biya. Daga ƙarshe, a nemi hatimin hukumar awo da shekarar da aka buga shi.

Gwaje-gwaje shida da kowa zai iya yi

Gwajin sifili. A ajiye sikeli a wuri mai daidaito, inda babu iska, ba kaya a kai. Allura ta tsaya a tsakiya. A taɓa sandar a sake ta sau uku, kowane karo ta dawo wuri guda. Sanda mai lafiya takan yi lilo a hankali tana raguwa. Wadda ke tsayawa cak farat ɗaya, akwai datti ko gogayya a madogararta.

Gwajin musanya. Wannan na mizani mai faranti biyu ne. A daidaita kaya da duwatsu, sannan a musanya musu faranti. Idan hannuwa daidai suke, sanda za ta ci gaba da zama daidai. A misalin da ya gabata, kayan da nauyinsu na gaskiya kilo 10 ne za su nuna kilo 9.9 a gefe ɗaya, 10.1 a ɗaya gefen. Matsakaicin biyun shi ne nauyin gaskiya. Daidaituwar sikeli a lokacin da babu kaya ba ta isa hujja ba, domin ana iya ƙara wa faranti ɗaya nauyi don ɓoye bambancin hannuwa.

Gwajin maye gurbi. Yana aiki ko da sikelin na da aibi. A ɗora kaya a faranti ɗaya, a daidaita su da yashi a ɗayan. A sauke kayan, a sa duwatsun awo a gurbinsu har sanda ta koma daidai. Jimillar duwatsun ita ce nauyin kayan. Faransawa na danganta wannan dabara ga masanin nan Borda.

Gwajin laushi. Bayan an daidaita cikakken kaya, a ƙara ɗan nauyi daidai da rabo ɗaya na sikelin, misali giram 100 a kan buhu. Dole allura ta motsa a gani. Idan ba ta motsa ba, sikelin ya yi nauyin ji, kuma a cikin wannan tazarar da ba ya ji ne ake cin haƙƙin mutane ba tare da an taɓa komai ba.

Gwajin maimaici. A auna buhu ɗaya sau biyar, ana sauke shi gaba ɗaya kowane karo. Sakamakon kada ya bambanta da fiye da kuskuren da aka yarda wa sikelin.

Gwajin kusurwa. A sikelin dandamali ko na kan tebur, a sa dutse ɗaya a tsakiya, sannan a kowace kusurwa huɗu. Idan wata kusurwa ta nuna daban, ɗaya daga cikin sandunan ƙasa ta goce ko ta cinye.

Duk waɗannan sun fi inganci idan akwai duwatsun gwaji masu hatimi, kuma a gwada a ƙaramin nauyi da matsakaici da babba. Inda babu su, lita ɗaya ta ruwa mai tsabta tana da nauyin giram 996 zuwa 998 gwargwadon zafin gari. Wannan zai iya tona babban kuskure, amma ba zai maye gurbin dutse mai hatimi ba.

Kula da sikeli a ƙasa mai ƙura da laka

Ƙasar Gadarif baƙar laka ce da ke tsagewa da rani ta kumbura da damina. Sikelin dandamali da aka ajiye a kanta kai tsaye zai karkata yayin da yanayi ya juya. A yi masa daɓen siminti, ko a ɗora shi a kan katako mai kauri, a riƙa duba daidaitonsa da kwalbar ruwa mai kumfa irin ta magina.

Ƙura da ƙwayar riɗi su ne manyan abokan gabarsa. Riɗi ƙanana ne, yana shiga ko'ina, kuma idan ya murƙushe yakan fitar da mai da ke kama ƙura ya zama danƙo. A share ƙarƙashin dandamali kullum a lokacin kaka, a tabbatar babu tsakuwa ko igiyar buhu da ta maƙale tsakanin dandamali da gangar jiki.

Kada a zuba mai ko giris a bakin wuƙa da mazauninsa, musamman a ƙananan sikeli. A goge su da burushi mai laushi ko tsumma da aka ɗan jiƙa da sifirit, a bar su su bushe. Sauran sassan ƙarfe da ba sa aikin awo ana iya shafa musu mai kaɗan kafin damina, daga Yuni zuwa Oktoba, don hana tsatsa. Kada a kankare bakin wuƙa da magagari ko takarda mai yashi. Wasa shi aikin ƙwararre ne, domin ɗan abin da aka cire yana sauya tsawon hannu.

Masu dako su riƙa ajiye buhu a hankali. Jefa buhun kilo 90 a kan dandamali yana dukan wuƙaƙen da ƙarfin da ya ninka nauyinsa. Yawancin manyan sikeli na da makulli da ke riƙe sanda: a kulle kafin a ɗora kaya, a buɗe a karanta, a sake kullewa kafin a sauke. Idan za a yi tafiya da sikeli a mota ko amalanke, a ɗaga sandar daga mazauninta ko a toshe ta da tsumma, sannan a sake gwajin sifili a inda aka sauka. Kada a bar kaya su kwana a kansa.

Ƙananan sikeli na zinariya na buƙatar ƙarin kulawa. Iskar fanka, numfashin mai awo, ko girgizar tebur duk suna motsa allura. A karanta ta ido na daidai da ita, domin kallo daga gefe yana nuna abin da ba haka ba. Masu sayen garin zinariya su lura cewa baƙin yashin da ke zuwa tare da shi yana manne wa maganaɗisu. Idan ya taru a ramin da ƙarshen sanda ke lilo, zai riƙa taɓa ta. Bayan aiki a rufe sikelin a akwatinsa.

Duwatsun awo

Sikeli ba ya fin duwatsunsa gaskiya. OIML ta kasa su daga aji E1, mafi inganci, zuwa M3. Dutsen kilo 1 aji M1 kuskurensa ba ya wuce miligiram 50, na M3 kuma rabin giram. Na kasuwa galibi ƙarfen zubi ne ko tagulla, da rami a ƙasa da aka cika da darma aka buga wa hatimi. Idan darmar ta fita, ko an ga alamar an tone ta, dutsen ya tashi daga aiki.

Kada a goge dutsen tagulla da toka ko yashi ko lemun tsami don ya yi ƙyalli, kowace guga tana rage shi. Kada a yi guduma da shi ko a tare ƙofa. Ƙananan duwatsun zinariya da hantsaki ake ɗaukarsu, saboda gumin yatsa yana ƙara musu nauyi kuma yana cin su.

A sikelin dandamali mai ninki 100, giram 10 na laka ko ƙarfe da ya manne a maratayin duwatsu yana ɓoye kilo guda na kaya. Haka rummanar kabban: idan ta yi nauyi fiye da ƙa'ida, kaya za su nuna ƙasa da nauyinsu, mai sayarwa ya cutu. Idan ta cinye, mai saye ne zai biya abin da bai karɓa ba. Yana da kyau ƴan kasuwar layi ɗaya ko ƙungiyar manoma su haɗa kuɗi su sayi saitin duwatsu masu hatimi da ba a aikin yau da kullum da su, sai gwaji kawai.

Ragin da ba laifin sikeli ba ne

Buhun algarara shi kaɗai yana da nauyin kusan kilo 1, na leda kuwa bai kai rubu'in haka ba. A amince tun farko nawa za a cire na buhu, kuma hanya mafi adalci ita ce a auna buhuna goma marasa komai a raba.

Danshi ma yana rage nauyi. Riɗi mai kilo 100 da danshinsa ya kai kashi 10 cikin 100, idan ya bushe zuwa kashi 6, zai koma kilo 95.7. Wanda ya auna a gona da safe ya sake aunawa a rumbu bayan mako biyu zai ga ragi ko da sikelin biyu lafiyarsu ƙalau. Haka ƙaro, wanda ke ci gaba da bushewa bayan an ɗebo shi daga dakwara. Tsakuwa da ƙaiƙayi kuma batun inganci ne, a yi cinikinsa daban, kada a cusa shi a cikin awo.

Hukuma da addini

A Sudan, hukumar kula da ingancin kaya da ma'aunai, SSMO, ita ke da alhakin duba sikelin kasuwanci da buga masa hatimi. A Nijar aikin yana hannun hukumar ANMC, a Najeriya kuma sashen awo da ma'aunai na ma'aikatar masana'antu da kasuwanci ta tarayya. A ƙasashe da yawa sau ɗaya a shekara ake sabunta hatimi, kuma duk sikelin da aka yi wa gyara sai an sake duba shi. Ga ɗan kasuwar Gadarif, lokacin da ya fi dacewa shi ne watan Satumba, kafin riɗin farko ya shigo.

Mai sayarwa yana da haƙƙin ya ga allura a sifili kafin a ɗora kayansa, ya tsaya inda zai karanta lamba da idonsa, ya tabbatar babu ƙafa ko gwiwa da ke taɓa dandamali, kuma a jira sanda ta natsu kafin a rubuta. Idan ya yi shakka, ya nemi a auna buhu ɗaya a wani sikelin.

Ga Musulmi, batun ya wuce dokar kasuwa. Sura ta 83 a Alƙur'ani, Suratul Muɗaffifin, ta ɗauki sunanta ne daga masu tauye awo, kuma ƙissar Annabi Shu'aibu da mutanen Madyana a kan wannan laifi take. A daular Sakkwato duba mudu da mizani na cikin aikin muhtasibi. Zakka ma da awo ake fitar da ita: nisabin hatsi wusiƙi biyar ne, wanda ake ƙiyastawa da kilo 653, kuma amfanin gonar da ruwan sama ya shayar ɗaya cikin goma ake bayarwa. Nisabin zinariya miskali 20 ne, kimanin giram 85. Sikelin da ya kauce da kashi 1 cikin 100 yana taɓa haƙƙin manomi da na mai saye da na miskinin da ke jiran zakka, kuma mai shi ne ke da alhakin gwada shi kafin ya buɗe rumfa.